Lasifikar da Ba Ta San Durƙuso Ba

An ce wai a wani babban birni na ƙasar Hausa an yi wani mai sayar da kayan sauti, ana ce masa Tasi'u. Shagonsa na tsakiyar layin 'yan lantarki a babbar kasuwa, kuma ba ya ajiye tarkace. Kayansa na manya ne: lasifikoki masu nauyin da sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya, da amfilifaya, da majigi, da wufa, wato akwatin nan mai gurnani da kake jin sa a ƙirji kafin ka ji shi a kunne. Ya ƙware a aikinsa, babu mai musu. Sai dai ya san ya ƙware, kuma wannan sanin shi ne ciwonsa. In mai saye ya fara bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, kada ka wahalar da bakinka. Nuna mini ɗakin kawai. Ni da tef ɗin awo da makirfo nake shawara."

Layin nan yana da doka guda da ba a sassauta wa kowa: duk wanda aka tabbatar ya sayar da jabu da sunan na gaske, za a garƙame shagonsa, ya bar layin, ba roƙo ba ceto. Mai zartar da ita shi ne Sarkin Layi, Alhaji Shitu, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ba a taɓa jin ya yanke hukunci yana cikin fushi ba.

Wata rana sai ga wani attajiri, Alhaji Mamuda, mai fataucin riɗi, ya shigo shagon Tasi'u da waya a hannu. Ya nuna masa hoton wani ɗakin kallo na ƙasar waje: kujeru na fata a jere kan dandamali, hawa kan hawa, ga allo ya cika bango.

Ya ce, "Irin wannan nake so, sak. Don Baba zan yi. Tsohon nan ya ci wuya a kanmu, yanzu ba shi da abin da ya fi so irin sauraron karatu da kallon aikin Hajji. Ina so ya ji kamar a gabansa ake yi. Ka ba ni mafi girma da kake da su."

Tasi'u ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, girma ba shi ne kyau ba. Ɗaki ne ke zaɓar lasifikarsa. In ka cusa ƙatuwa a ƙaramin ɗaki, hayaniya ka saya." Ya shiga nuna masa: ga biyu na gaba, dama da hagu, ga ta tsakiya, wadda ita ce ke ɗauke da maganar mutum, in ta lalace komai ya lalace, ga na gefe da na baya da na silin, ga wufa biyu, don gurnanin ya bazu, kada ya taru wuri ɗaya. Ya ce sai an lulluɓe bango da soso da yadi mai kauri, don sauti kada ya riƙa dukan siminti yana dawowa. Ya ce sai an ware wa kayan wutarsu daban, saboda wutar garin nan ba ta da amana.

Alhaji Mamuda ya ce, "Kai, ka cika ni da karatu. Yi abin da ka ga dama, ya dai fito kamar hoton. Ni tafiya zan yi, sai ka gama zan dawo."

Tasi'u ya duƙufa. Kullum in ya zo gidan yakan tarar da tsohon, Malam Barau, mahaifin Alhaji Mamuda, zaune a kan buzunsa a zaure, ya durƙusa ya gaishe shi, ya wuce ciki. Ya sa aka gina dandamali, aka kafa kujeru. Ya zauna a ta tsakiya, ya auna daga ƙasa zuwa kunnensa, ya kafe kowace lasifika a bango daidai wannan tsayin, bakinta na duban kujerar. Ya kafa makirfo a wurin, ya yi ta gwaji yana gyara, har sai da ya kunna karatu ya ji numfashin makarancin kamar a kafaɗarsa. Ya kunna ruwan sama, sai da ya ɗaga kai ya dubi silin. Ya ce a ransa, "Ban taɓa yin aiki kamar wannan ba." Gaskiya ya faɗa. Ya miƙa makulli ga mutanen gida, ya koma shagonsa yana jiran yabo.

Yabon bai zo ba. Abin da ya zo Alhaji Mamuda ne, da hantsi, lokacin da layi ya cika maƙil. Bai shiga shagon ba, a bakin ƙofa ya tsaya ya ɗaga murya.

"Tasi'u! Fito nan, macuci! Ni za ka sayar wa jabu? Na tara dattawan unguwa walima, na kawo Baba, aka kunna abin nan naka, sai gurnani kamar ana daka a maƙwabta! Makarancin kuwa ba a jin ko harafi ɗaya. Ka san abin da Baba ya ce a gaban mutane? Cewa ya yi, 'Mamuda, wannan bawan Allah a cikin rijiya ya faɗa? Ku taimaka ku ciro shi mana.' Aka yi ta dariya. Ni aka yi wa dariya, a gidana!"

Mutane suka taru. Tasi'u ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Kayan nan daga kwalinsu na ciro su. Mu je yanzu in duba."

"Ka duba ko ka musanya? Na kulle ɗakin tun ranar, makullin yana aljihuna. Ba mai shiga sai Sarkin Layi."

Tun daga wannan hantsin kasuwar Tasi'u ta tsaya cak. Masu saye sukan leƙo, wani ya raɗa musu magana, su wuce gaba. Maƙwabcinsa na shago, wanda suke cin abinci kwano ɗaya, ya fara cewa ya ƙoshi. Haka mutane suke: ba sa jiran hukunci, zargi ya ishe su. Tasi'u ya zauna yana duban kayansa, yana tunanin ranar da za a sa wa ƙofar nan kwaɗo, da kuma inda zai kai fuskarsa bayan haka, domin wanda aka kora daga layi saboda jabu, ko a wani gari labarin yakan riga shi sauka.

Aka zauna a gaban Sarkin Layi. Alhaji Mamuda ya zo da dattawan da suka halarci walimar, mutanen da ba a taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Kowanne ya faɗi abu ɗaya: gurnani, da murya kamar daga cikin randa. Tasi'u ba shi da shaida sai kunnensa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo Alƙur'ani. Zan dafa in rantse abin da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin mai kyansa ba."

Alhaji Mamuda ya ce, "A kawo. Ni ma zan dafa."

Alhaji Shitu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ba za a kawo ba. Tasi'u, na san ka da girman kai, amma ban san ka da ƙarya ba. Alhaji, na san ka da gaggawa, amma ban san ka da ƙage ba. In na bar ku kuka rantse, na tilasta wa jama'a su ɗauki ɗayanku maƙaryaci, alhali zuciyata na gaya mini ku biyun abin da kuka ji kuke faɗa. In na bi yawan shaidu, na rufe shagon mutumin da watakila bai ci amana ba. In na bi sanin da na yi wa Tasi'u, na ƙaryata dattawa. Ba zan yi ko ɗaya ba ina zaune a nan. Ɗakin da ya haddasa rigimar, shi za mu je mu tambaya."

Bayan la'asar suka isa gidan. Alhaji Mamuda ya buɗe ɗakin da hannunsa. Tasi'u ya yi sauri zai nufi amfilifaya, Sarkin Layi ya ce, "Tsaya nan. Kada ka taɓa komai." Dattijon ya zaga ɗakin a hankali. Bai dubi lasifika ko ɗaya ba. Kujerun ya tsaya a kansu, ya shafa ledar da ke jikinsu, wadda ba ta ko yamutse ba sai a kujera ɗaya. Sannan ya dubi kafet ɗin da ke gaban dandamali, inda tum-tum ke jingine da bango, ga tabon shayi nan da can.

Ya ce, "Alhaji, yau Malam Barau yana gida?"

"Yana zaure."

"Madalla. Bar shi tukuna. Kowa ya hau kujera."

Alhaji Mamuda ya ce, "Sarki, shari'a muka zo ko hutu?"

"Hau dai. Kai ka ɗauki ta tsakiya, ai kai ne mai gida."

Suka hau, leda na ƙara a ƙarƙashinsu. Sarkin Layi ya ce a kunna karatun da aka kunna ranar walima, shi ɗin dai, kada a canza. Aka kunna.

Murya ta fito tas, kowane harafi da gurbinsa, kamar makarancin na zaune a tsakaninsu. Ɗaya daga cikin dattawan ya waiga baya yana neman mai karatun. Alhaji Mamuda ya buɗe baki ya kasa rufewa. Tasi'u kuwa ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, girman kansa ya dawo nan take. Ya harɗe hannu ya ce, "To, Alhaji, ina rijiyar?"

Alhaji Mamuda ya ce, "Wallahi ba haka ya yi ba ranar nan! Sai dai in asiri ka yi masa daga nesa."

Sarkin Layi ya ce, "Ku yi shiru. Kada a kashe, kada a rage, kada a ƙara. Alhaji Mamuda, aika a ce ina roƙon Malam Barau ya shigo ya sa mana albarka."

Ba a jima ba sai ga tsohon yana dogara sandarsa, buzunsa a hammata. Ya yi sallama. Bai ko dubi kujerun ba, ya shimfiɗa buzun a kan kafet kusa da bango, ya zauna, ya jingina da tum-tum. Kafin ya gama daidaita zamansa, ɗakin gaba ɗaya ya zube ƙasa. Alhaji Mamuda ne ya fara zamewa daga kujerar tsakiya, domin ba a haifi ɗan da zai zauna sama da ubansa a gidan nan ba. Dattawan suka bi. Tasi'u ma bai san lokacin da ya tsinci kansa a durƙushe a gefen bango ba, yana cewa, "Barka da yamma, Baba."

A nan ya ji abin. Karatun bai tsaya ba, ba wanda ya taɓa komai, amma muryar ta wuce ta saman kawunansu ta tafi wajen kujerun da ba kowa. Abin da ya rage a ƙasa sai gurnanin wufa, ya taru a jikin bango yana bugun baya, da wata murya dusu-dusu da ba ka raba harafi da harafi.

Malam Barau ya karkata kunne ya ce, "Af, har yanzu ba ku ciro shi ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Tasi'u ya san dalilin tun kafin a tambaye shi, domin fanninsa ne: siririn sauti mai ɗauke da haruffa miƙe yake tafiya inda aka nufa da shi, gurnani kuwa gindin bango yake taruwa. Ya sunkuyar da kai.

Sarkin Layi ya sa aka kashe. Ya ce, "Tasi'u, wa ya ce ka sauko daga kujera?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To me ya sauko da kai?"

"Baba ne ya zauna a ƙasa."

"Ashe gwiwarka ta san gidan nan. Yaya aka yi lasifikarka ba ta san shi ba? An gaya maka don wa ake ɗakin?"

"An gaya mini."

"Ka taɓa ganinsa a kan kujera?"

Tasi'u ya ce, "Ban taɓa ba."

Malam Barau ya ce, "Ni da kujera? Yaro, ko a jirgin Makka don dole na zauna, sai da ƙafata ta kumbura. Wannan mai kama da ta likitan haƙori kuwa, Allah ya raba ni da ita."

Alhaji Mamuda ya matso ya ce a hankali, "Baba, ai da ka daure ka hau, ka ji yadda yake a can sama. In ka hau, kowa ya hau, shi ke nan an huta."

Sarkin Layi ya juya gare shi, muryarsa ta yi kauri. "Alhaji, ka ji abin da ka faɗa kuwa? Ka ce don mahaifinka ka gina ɗaki, yanzu kuma kana so a gyara mahaifin don ya dace da ɗakin. Ƙarfe da katako su tsaya inda suke, tsoho ya hau ya same su? A'a. Su za su sauko."

Sannan ya gyara zama ya yanke hukunci. Ya ce, "Kayan nan na gaske ne, duk mun ji da kunnenmu. Babu jabu, saboda haka shagon Tasi'u ba za a taɓa shi ba. Dattawan nan ma gaskiya suka faɗa, abin da ya iso kunnensu ke nan. Amma ba a tashi ba laifi. Tasi'u, ka auna bango, ka auna silin, ka auna kunnenka, ba ka auna mutumin da aka yi abin dominsa ba, alhali kullum sai ka tsallake shi a zaure. Wannan ba ha'inci ba ne, raini ne, kuma gwani ya fi kowa kamuwa da shi. Za ka rushe dandamalin nan, ka sauko da kowace lasifika, ka sake awo daga kunnen Malam Barau yana zaune yadda ya saba zama. Da hannunka za ka yi, kuma ba ladan aiki."

Tasi'u ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe."

"Kai kuma Alhaji, ka ɗauko hoton gidan wasu mutane masu wani irin zama, ka ce a yi maka sak, ka hana a tambaye ka, ka yi tafiyarka. Da abin ya ƙi, ba ka nemi dalili ba, sai ka tafi ka kira mutum macuci a gaban kasuwa. Gobe da hantsi za ka koma bakin shagonsa, ka tsaya inda ka tsaya, ka faɗa wa layi cewa kayansa na gaske ne."

Fuskar Alhaji Mamuda ta canza. Ya ce, "Haba Sarki. Mutum kamata, a tsakiyar kasuwa? Ga shi nan, na ba shi haƙuri a gaban dattawa. In ya so in ƙara masa da kyauta mai tsoka."

Sarkin Layi ya ce, "Haƙurin da ka ba shi a nan irin karatun ɗazu ne: yana da kyau, amma ya wuce ta saman kunnuwan da ake so su ji. Masu jin zagin suna kasuwa. Can za ka saita muryarka, kuma da ƙarfin da ka yi na farko, kada ka rage."

Alhaji Mamuda ya dubi mahaifinsa, ko zai cece shi. Tsohon ya ce, "Me kake kallona? Ni na aike ka ka yi ihu? Je ka kwashe abin da ka zubar."

Washegari da hantsi layi ya ga abin da bai saba gani ba. Attajiri ya tsaya a rana, a bakin shagon Tasi'u, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ni na ce mutumin nan ya sayar mini da jabu. Ban faɗi daidai ba. Kayansa na gaske ne, gaggawata ce jabu." Wani daga can baya ya ce, "Alhaji, ba mu ji ba, a ƙara sauti!" Aka fashe da dariya, shi ma ya dara, ya maimaita da ƙarfi.

Tasi'u kuwa ya koma gidan da guduma da tef ɗinsa. Ya fitar da kujerun, ya rushe dandamalin. Kafin ya huda bango ko sau ɗaya, ya zo ya durƙusa gaban tsohon ya ce, "Baba, a ina ka fi son zama? Kana jingina ko kana miƙewa? Wane kunnen ya fi ji?"

Malam Barau ya ce, "Na hagu. Na dama ya yi ritaya tun tuni. Kuma in ka matsar da ni daga bango, sai ka kawo abin da zan jingina."

Tasi'u ya matsar da shi kaɗan daga bangon, ya tokare masa baya da tum-tum biyu, ya kafa makirfo daidai kunnensa. Tsohon ya hararo abin ya ce, "Wannan kuma hira za a yi da ni?" Tasi'u ya sauko da lasifikar tsakiya ƙasa da allo, ya sunkuyar da bakin na gefe, ya janye wufa daga kusurwa, ya rage musu ƙarfi. Duk gwajin da ya yi, a zaune a ƙasa ya yi shi, kafaɗarsa kusa da ta tsohon.

Da ya gama, aka kunna karatu. Malam Barau ya rufe ido. Leɓɓansa suka fara motsi, yana bin ayar harafi da harafi. Alhaji Mamuda ya matso zai tambaye shi ko ya yi, tsohon ya ɗaga masa hannu ba tare da ya buɗe ido ba, alamar ya yi shiru, ana karatu. Tasi'u ya tattara kayan aikinsa a hankali, ya fita da sanɗa, bai jira yabo ba.

Wanda duk zai yi wa mutum aiki, ya fara duba inda mutumin yake zaune. Kaya masu tsada da gwaninta mai yawa, in an nufe su inda ba kowa, hayaniya ce kawai.